Turancin Jethro Mai Az Biyu

A shekarar da aka buɗe sabuwar masaƙa a Kakuri, akwai wani mai wanki da guga ana kiransa Jethro, mutumin kudancin Zariya, wanda Allah ya hore wa baki amma bai haɗa masa da linzami ba. Ya taɓa yin boyi na ɗan lokaci a gidan wani injiniyan jirgin ƙasa, kafin a sallame shi kan laifin ƙona wando. A wannan ɗan zama, yana tsaye a bayan kujeru da faranti a hannu, ya lura da wata ɗabi'a ta Turawa: ba sa iya siffanta mutum sai sun jawo wata dabba ko wani tarkace sun jingina masa. Su ce "as", su faɗi halin, su sake cewa "as", sannan su kawo dabbar. Daga nan Jethro ya yanke hukunci cewa ya sauke Turanci.

"Ba shi da wata wahala," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya sa ya kawo masa wanki. "Az biyu ne kurum. Ka ajiye mutum nan, ka ajiye dabba can, ka ɗaure su da az biyu kamar kayan jaki. Masu zuwa makaranta alli kawai suke ƙararwa."

Unguwa ta raɗa masa suna Azaz. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ana nan sai labari ya bazu cewa manajan masaƙar, wani Bature da ma'aikata suka sa wa suna Mai Lofe, yana neman tafinta, kuma wanda ya dace zai sami keke da kaki da ɗaki mai rufin kwano. Aka kuma ji cewa Baturen ya karɓi gayyata zuwa bikin godiyar kaka da majami'ar unguwar za ta yi ranar Lahadi. Nan take Jethro ya tsara shirinsa: zai tsaya kusa da Mai Lofe a wurin bikin, ya fassara masa jawabi, Bature ya ji Turancin da bai taɓa ji ba ko a garinsu, ya ɗauke shi aiki kafin a tashi.

Bai jira Lahadin ba. Ya ɗauki dutsen gugarsa ya yi wa maƙwabci kyauta.

"Baban Rhoda," in ji matarsa Celina, "ina dutsen guga?"

"Na bayar. Kin taɓa ganin tafinta yana hura gawayi?"

"Ban taɓa ba. Amma na sha ganin mai surutu yana hura hanci da yunwa."

"Ke dai ki shirya. Daga Litinin za ki zama as proud as a peacock."

"Me ke nan kuma?"

"Ɗawisu."

"Ɗawisun ma sai ya ci yake buɗe wutsiya. Je ka karɓo mana dutse."

Bai je ba. Ya sa farar rigarsa, wadda ita kaɗai ce ta shiga taro, ya nufi kasuwa domin ya wasa harshe kafin ranar.

Wadda ya fara cin karo da ita ita ce Obiageli mai sayar da manja da gari, mace mai jiki da fara'a, tana tsakiyar dariya da wata mai saye.

"Madam," ya ce da ƙarfi don 'yan rumfunan kusa su ji, "yau kam fuskarki as happy as a pig!"

Dariyar ta tsaya cak. "Oga Jethro, maimaita."

Ya maimaita, har da ɗaga yatsa.

"Wace ce aladen? Ni ko gyatumarka?"

"Yabo ne, Madam. Da kunnena na ji maigidana yana faɗa. A Ingila idan ana girmama mace..."

"To a Kakuri idan ana girmama namiji, ga yadda ake yi."

Ta kamfato manja cikin ludayi ta sheƙa masa a ƙirji. 'Yan kasuwa suka sa shewa. Jethro ya dubi rigarsa, ya dubi jama'a, ya ce, "Jahilci mugun ciwo," ya wuce yana ɗiga.

Mai hankali gida zai koma. Shi garejin Anayo makaniki ya nufa. Anayo ƙato ne, sabon ango, kuma kwat ɗin da ya yi aure da ita tana wurin Jethro tana jiran guga. Ya tarar da shi ya rungumi injin mota yana ɗagawa shi kaɗai, amaryarsa Philomena tana tsaye da kwanon abinci tana kallonsa cike da sha'awa.

"Oga Anayo! You are as strong as an ox!"

Anayo ya dire injin, ya bugi ƙirji. "Yau ka faɗi gaskiya, Azaz."

Da maganar ta tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma Malam Audu mahauci, wanda teburinsa ke jikin garejin, ba ya barin wuta ta mutu idan akwai kara a kusa.

"Azaz, fassara mana, mu ma mu sami albarkar ilimi."

"Na ce ƙarfinsa ya kai na shanu."

"Shanu ai iri-iri ne. Bijimi ko takarkari?"

Jethro bai taɓa yarda a ce ga abin da bai sani ba. Ya gyara tsayuwa. "Oks, Malam, shi ne wanda aka dandaƙe tun yana ɗan maraƙi, don ƙarfinsa duka ya koma wuya."

Malam Audu ya ajiye wuƙa, ya juya wajen Philomena cikin alhini. "Ashe haka abin yake? Amarya, Allah ya ba da haƙuri."

Anayo ya sunkuya ya ɗauki sifana mafi girma. Jethro bai tsaya yin sharhi ba. Ya tsallake tayoyi, ya tsallake akuyar wani, ya zo tsallake lambatu ƙafa ta gaza, ya afka. Yana ciki yana jin muryar Anayo daga nesa: "Ka kawo mini kwat ɗina kafin Lahadi, ko in nuna maka oks!"

Duk wannan da bai kai shi ko'ina ba, domin majami'ar tana da mai yi mata tafinta, wato Malama Edith, shugabar makarantar mishan, wadda ta san Turanci ciki da bai. Sai dai ranar Asabar mura ta shaƙe mata murya, ko "i" ba ya fita. Dattawan ikilisiya suna zaune jugum a gindin mangwaro, tare da Fasto Shekari, tsoho mai ƙarfin ƙafa da raunin kunne, sai ga Jethro yana ɗingishi.

"Iyayena, ku kwantar da hankali. Ubangiji ba ya rufe wata murya sai ya buɗe wadda ta fi ta."

Mama Dorcas, shugabar Zumuntar Mata, ungozomar da rabin yaran unguwar suka faɗo a hannunta, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wannan mai ƙona wandon?"

"Wandon Bature, Mama. Ba kowa ke samun wannan matsayin ba."

Malama Edith, wadda ke zaune a gefe, ta miƙe tana girgiza kai, tana kaɗa hannu biyu.

"Kun gani?" in ji Jethro. "Tana cewa ita kanta ba ta kai ni ba."

Malama ta tattara iyakar ƙarfinta, ta yunƙura, abin da ya fito kawai shi ne, "Kada..."

"...ku yi shakka," Jethro ya ƙarasa mata. "Na gode, Malama. Allah ya ƙara sauƙi."

Fasto, wanda bai ji komai ba sai kalmar ƙarshe, ya ce, "Amin." Aka tashi a kan haka.

Ranar Lahadi da la'asar aka kafa rumfa a harabar majami'a. An jibge doya da acca da citta da kabewa, ga kwandunan gauta da tumatir, ga kaji a ɗaure. Maƙwabta sun zo taya murna, Obiageli da sauran 'yan kasuwa a gefe guda, Malam Audu a sahun gaba kamar wanda aka yi wa alkawarin kallo. Jethro ya iso cikin kwat ɗin Anayo, ya ɓalle ta har wuya don ta rufe manja. Kafaɗunta sun zarce nasa, hannayenta sun haɗiye yatsunsa, kuma ba ta ga guga ba, tunda babu dutse.

Yaran makaranta suka rera waƙa suka zauna. Mai Lofe ya miƙe, ja wur da shi saboda rana, ya cire lofe daga baki ya fara jawabi. Ya nuna tulin doya ya ce, "As big as a house!"

"Ya ce doyarku ta kai ɗaki girma!"

Manoma suka tafa. Jethro ya ji kamar ya riga ya hau keken. Ya waiwaya ya kashe wa Celina ido.

Bature ya juya wajen matan Zumunta da ke kai da kawo da kwanoni. "As busy as bees."

Nufinsa ƙwazo. Haka al'adarsu take: hali guda ɗaya tak suke ara daga dabbar, su bar mata sauran kayanta. Jethro kuwa dabbar yake ɗaukowa ɗungum, da kai da ƙafa da wutsiya, ya dire a gaban mutane.

"Ya ce matan Zumunta ƙudan zuma ne. Masu harbi. Ba a kusantarsu sai da hayaƙi."

Maza suka kwashe da dariya, wani dattijo har yana share hawaye yana cewa, "Ashe har shi ma ya sani!" Matan suka daina zuba abinci. Mai Lofe ya ga ana dariya, ya ji daɗi, ya ɗauka jawabinsa ne ya yi armashi. Ya shafa kan wata yarinya, wadda ba kowa ba ce sai Rhoda, 'yar Jethro ta cikinsa, ya yaba yadda yaran suka natsu. "As quiet as mice."

"Ya ce 'ya'yanku ɓeraye ne."

"Ɓeraye?" wata mata ta ɗaga murya. "Me suka sata masa?"

"Baban Rhoda!" Celina ta miƙe. "Rhoda tawa ce ɓera? A gabanka?"

"Zauna, ke! Ɓeran Ingila daban ne. Yana da tarbiyya."

Hayaniya ta fara tashi. Bature ya sunkuyo ya tambayi tafintansa abin da jama'a ke cewa.

"Sir," in ji Jethro, "they are as glad as goat."

Mai Lofe ya ɗan yamutsa fuska, bai taɓa jin wannan ba, amma ya ci gaba. Ya kama hannun Fasto Shekari ya ɗaga, ya ce ya ji labarin tsohon nan yana taka ƙafa har Gonin Gora don wa'azi ya dawo. "As fit as a fiddle!"

Malama Edith ta rufe fuska da tafin hannu.

Jethro ya san wannan abin, domin tsohon maigidansa yana da shi a rataye. "Ya ce Fasto goge ne."

Ya kamata a sani cewa tun da Fasto Shekari ya hau bagadi bai taɓa kammala wa'azi ba tare da ya la'anci goge da gidajen da ake kaɗa shi ba. Ya kara hannu a kunne. "Me ya ce?"

"Goge, Baba!"

"A ina?" Tsoho ya zabura, ya rarumi sandarsa. "Wa ya shigo da goge gidan Ubangiji? Ku fito da shi!"

Ya shiga bin bayan bencina yana leƙe, yana buga sanda. Sandar ta sami kwandon kaji, igiya ta kwance, zakaru suka bazama cikin jama'a. Malam Audu ya riƙe ciki. "Azaz, Allah ya ja zamaninka. Ci gaba."

Mai Lofe ya lura wani abu ya karkace, sai ya yi niyyar gyarawa da babban yabo. Ya nufi Mama Dorcas, wadda aka gaya masa ita ce uwar unguwar, ya dafa ƙirji, ya ce, "And this good lady, as wise as an owl."

Malama Edith ta taso a guje, zakara ya shiga tsakanin ƙafafunta, ta yi tuntuɓe. Kafin ta miƙe Jethro ya riga ya buɗe baki.

"Ya ce Mama mujiya ce. Ya ce duk Kakuri babu mujiya kamarta."

Ko kajin sai da suka yi shiru. Mujiya, tsuntsuwar da idan ta yi kuka a kan rufin mai jego ake kwana ana addu'a, ita aka jingina wa ungozoma, a gaban iyayen da ta karɓi haihuwarsu.

Mama Dorcas ta miƙe a hankali. Ta kwance ɗankwalinta ta ci ɗamara da shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Jethro. Tunda yau ranar kwatance ce, ni ma ina da nawa. Gaya masa: fuskarsa ja kamar gindin biri. Hancinsa kamar ƙotar fartanya. Ƙafafunsa kamar na zalɓe. Faɗa masa, kada ka rage ko ɗaya."

Gumi ya keto wa Jethro. Idan ya faɗa, keke ya tafi. Idan bai faɗa ba, ga Mama, ga matan Zumunta sun jeru a bayanta, kowacce da ludayi ko muciya.

"Sir, she say you are as... as..."

Ga az biyu, amma babu abin ɗaurewa a tsakani.

"Faɗa masa daidai!" Obiageli ta ƙwala daga gefe. "Muna jin Turanci, ba kai kaɗai ba!"

Jethro ya nemi hanyar da za ta raba gardama, ya ba kowa rabin haƙƙinsa. "Sir, she say you are as handsome as a monkey."

Lofe ya suɓuce daga hannun Bature.

A daidai wannan lokaci Anayo ya shigo harabar. Ya je gidan Jethro neman kwat ɗinsa tun da safe bai samu ba, ya tafi sujada da rigar aiki, amarya tana ta ƙorafi. Ya tsaya, ya ƙura ido.

"Kwat ɗina! Kwat ɗin aurena!"

"Oga Anayo, gwaji nake yi mata, in ga ko ta..."

Anayo bai tsaya kwance maɓallai ba. Ya kama kwat ɗin ta wuya ya ɗaga, Jethro ya zame daga cikinta ya faɗo kamar gyaɗa daga kwanso. Sai ga farar riga a fili, da taswirar manja daga wuya har cibiya, da busasshen taɓon lambatu a gefe.

"Ga hatimina nan!" in ji Obiageli.

Ba a san wanda ya fara jefa gauta ba, ko da yake an ga hannun Celina ya ɗaga. Tumatir ya biyo baya. Jethro ya nemi mafaka a bayan tulin doyar da ta kai ɗaki girma, tulin ya rushe, doya ta gangaro ta kwashe ƙafafun dattawa biyu. Fasto yana can yana neman goge a ƙarƙashin teburin baƙi.

Cikin wannan rikici Malama Edith ta isa wurin Mai Lofe. Ta jawo kunnensa ta raɗa masa, da ɗan abin da ya rage mata na murya, duk abin da aka ce ya ce. Fuskarsa ta ƙara ja, har kwatancen Mama Dorcas ya fara kama da gaskiya. Ya cire hula, ya je gaban Mama ya sunkuyar da kai. Malama ta koma kunnen Mama ta yi mata raɗa ita ma.

"Me ta ce, Mama?" mata suka tambaya.

"Wai a ƙasarsu mujiya ce malamar tsuntsaye. Wai hikima yake nufi." Ta dubi Baturen tun daga hanci har ƙafa. "To, na yafe masa. Amma a gaya masa idan ya koma gida su sake zaɓen tsuntsu."

Aka zaƙulo Jethro daga cikin doya. Mai Lofe ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya girgiza kai ya ce, "You, my lad, are as daft as a brush." A garinsu haka ake gaya wa wanda wautarsa ta wuce magani. Ya tsinci lofensa ya nufi mota, kuma kowa ya ga keke da kaki da ɗaki mai rufin kwano sun shiga motar tare da shi.

Kowa ban da Jethro. Ya share tumatir daga ido, ya hau kan benci, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun ji da kunnenku! Ya ce ni tsintsiya ne! Mai kawar da ƙazanta, mai haɗa kan tsinke dubu a maɗauri ɗaya! Wa aka taɓa yi wa irin wannan shaida a Kakuri?"

"Wannan karon ka fassara daidai," in ji Mama Dorcas. Ta miƙa hannu baya, aka ɗora mata tsintsiyar majami'a, ta danƙa masa. "Ga 'yar'uwarka. Ku fara daga bakin ƙofa."

Jama'a suka koma kan bencina suka zauna, aka zuba musu abincin da ya tsira, suna ci suna nuna masa wuraren da ya tsallake. Celina ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"In ka gama, ka wuce ka karɓo dutsen guga. Ka durƙusa in ta kama."

Jethro ya yi shara har ya iso gaban Malam Audu. Ya ɗaga kai, ya dubi filin da ya share, sai tsohon ciwon ya motsa.

"Malam, ka dai duba aikin gwani. Kafin magariba wurin nan zai zama as clean..."

"Tsaya nan," in ji Celina. "Az ɗaya ya ishe ka."